RA'AYINMU: Katun ɗin biki, ina na Sallah?

Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a kan hanya ya san kowane biki da kayansa. Idan azumi ya ƙarato sai a shiga neman sukari da gero da dabino, idan Sallah ta matso sai a koma kan shadda da atamfa da takalman yara, idan kuwa watan Disamba ya kama, a nan Kumasi, sai hada-hadar Kirsimeti, wadda maƙwabtanmu Asantawa ke kira Buronya, ta cika Adum da Kejetiya har ba masaka tsinke. To amma akwai wata 'yar haja da ba a cika sa ta cikin lissafi ba, alhali tana shiga kusan kowane gida a irin waɗannan ranaku, wato katun ɗin da ake saya wa yara su kalla lokacin hutu. A shekarun 2000 a faifan VCD da DVD take zuwa, galibi daga kasuwar Alaba ta Legas, ta ratso Aflawo, ta bazu a tebura daga Aboabo da Asawase har Kwadaso. Yanzu faifai ya ja baya, an koma tura wa mutum a waya ko a memori a kan 'yan sidi kaɗan, amma hajar ba ta sake ba, kuma hannun da take bi kafin ta kai ga yaro shi ma bai sake ba: hannun ɗan kasuwa ne.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kai shi ne, lokacin biki shi ne lokacin da ɗan kasuwa ya fi kowa rashin zama a gida. Makaranta ta ba da hutu, uba yana kasuwar albasa ta Kwadaso yana jiran a sauke masa kaya, ko kuma motarsa ta maƙale a iyakar Paga, uwa tana bakin tukunyar abincin sayarwa ko tana rumfa. Wanda ke zaune da yaran tun hantsi har la'asar shi ne akwatin talabijin. Saboda haka tambayar me ke cikin akwatin nan ba ƙarama ba ce.

Idan aka duba abin da ake tura wa yara a ƙarshen shekara, bayan Tom and Jerry da ba ya tsufa, za a tarar da wasu tsofaffin katun na Amurka waɗanda aka yi musamman domin Kirsimeti, kuma sun haura shekara hamsin ana kallonsu. Akwai Rudolph the Red-Nosed Reindeer na 1964, labarin wata barewar ƙasashen sanyi mai jan hanci da 'yan uwanta ke yi wa dariya har ranar da aka buƙaci hasken hancin nata. Akwai A Charlie Brown Christmas na 1965, da How the Grinch Stole Christmas na 1966, da Frosty the Snowman na 1969. Yaron da aka haifa a Zongo, wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturu, yana iya zana maka mutum-mutumin ƙanƙara da hularsa. Ba mu ga laifin waɗannan finafinai ba. An yi su da kula, babu batsa a cikinsu, kuma a unguwa irin Kwadaso inda Musulmi da Kirista ke zaune gida ɗaya, tsakar gida ɗaya, ba abin mamaki ba ne yara su haɗu su kalla, kamar yadda suke haɗuwa a kan naman Layya.

Abin da muke so 'yan kasuwa su lura da shi shi ne wanda ya biya kuɗin yin su. Ba gwamnati ba ce, ba kuma coci ba. Labarin Rudolph a kanti aka haife shi. A 1939 kamfanin Montgomery Ward, mai manyan kantuna da hedkwata a Shikago, ya sa wani ma'aikacinsa mai rubuta tallace-tallace, Robert L. May, ya rubuta ɗan littafin yara da za a riƙa ba masu sayayya kyauta, kuma a shekarar farko kaɗai an raba kwafi sama da miliyan 2. Da aka zo mayar da shi fim, kamfanin General Electric mai kayan lantarki ne ya ɗauki nauyi, aka nuna a tashar NBC ranar 6 ga Disamba, 1964, 'yan tsanar da aka motsa a ciki kuwa a Tokiyo ta Japan aka yi aikinsu. Na Charlie Brown, Coca-Cola ce ta nema, aka gama shi cikin kimanin wata 6, da muryoyin yara na gaske, tsawonsa bai kai rabin awa ba. Shugabannin tashar CBS ba su ji daɗinsa ba da suka fara gani, ganin yana tafiya a hankali, ga kuma wani yaro a ciki yana karanto labarin haihuwar Annabi Isa daga Linjila. Da aka nuna shi ranar 9 ga Disamba, 1965, kusan rabin masu kallon talabijin a Amurka a daren shi suka kalla. Abin dariyar ma, fim ɗin sukar yadda kasuwanci ya cinye biki yake yi, kuma da kuɗin mai sayar da lemo aka yi shi.

CBS ta yi ta nuna shi duk shekara har 2000, ABC ta karɓa daga 2001 zuwa 2019. A 2020 kamfanin Apple ya ɗauke shi ya kai tasharsa ta intanet, jama'a suka yi ta ƙorafi, amma wanda ya ajiye faifansa a gida ko a jikinsa. Mu a nan, inda kuɗin data ke cin aljihu, wuta kuma sai ta ga dama, abin da ke cikin memori shi ne abin dogaro, mai tura shi kuwa shi ne tashar.

To ina namu? Wannan ita ce tambayar da ke damunmu. Tun tsakiyar shekarun 1990, zamanin Rawlings, Sallah ƙarama da babba suka zama ranakun hutu a Ghana, a 2025 ma an ƙara kwana guda bayan ƙaramar Sallah. Muna da idi, muna da hawan dawaki, muna da yawon barka da Sallah, amma idan yaro ya dawo gida ya kunna akwati, babu wani katun guda da za a ce wannan na Sallah ne, wanda ubansa ya kalla yana yaro, shi ma zai nuna wa ɗansa. Akwai dai Muhammad: The Last Prophet na 2002, wanda aka yi ba tare da an nuna surar Manzon Allah (SAW) ba, da Bilal na 2015 da aka yi a Dubai, amma dogayen finafinai ne na tarihi, cikin Turanci da Larabci, ba labarin yaron Zongo da sabuwar rigarsa ba.

Kada wani ya ce ba mu da masu iyawa, ko ba mu da labari. A daidai shekarun da Amurkawa ke yin nasu, wani ɗan Nijar, Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942, yana zana nasa da hannu. A 1965 ya fito da La Mort de Gandji, a 1966 ya fito da Bon Voyage Sim, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da ganga da algaita, ba'a ce ga sababbin shugabannin Afirka na lokacin. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, daga baya ya yi Kokoa, inda dabbobi ke kokawa irin tamu ta gargajiya. Ya koyi aiki a Kanada a wurin Norman McLaren, ya dawo gida, a ƙarshe ya zauna a Tawa yana aikinsa har ya rasu a 2015. Duniya tana lissafa shi cikin iyayen wannan sana'a a Afirka, ana nuna finafinansa a Faransa da Amurka. Albasar Galmi da ake saukewa a Kwadaso daga jihar Tawa take fitowa. Shekara da shekaru motoci na ɗauko buhunan albasa daga ƙasar mutumin nan, amma ko faifai ɗaya na aikinsa ba mu ga ya biyo su ba. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne gaba ɗaya.

Batun labari kuwa, a Kumasi ne ma ya kamata a fi kowa ganewa. Gizon Bahaushe da Ananse na Asantawa ɗan'uwan juna ne, wayo ɗaya, kwaɗayi ɗaya, kunya ɗaya a ƙarshe. Gizo da Ƙoƙi, Botorami, kura da akuya, ga wasannin tashe na watan azumi. A Wagadugu har yau yara na yin wasan Dodo a cikin azumi, kuma abin da aka sani shi ne fataken Hausawa ne suka kai shi can. Ashe ke nan kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba natron da fata kaɗai suka ɗauka ba, har da wasan yara a cikin kayansu. Gidajen talabijin sun taɓa gwadawa: NTA ta yi Tales by Moonlight tun 1984, gidan talabijin na Ghana ya yi By the Fireside da Maame Dokono. Waɗanda suka taso a lokacin ba su manta ba, amma da wuya ka same su a teburin mai faifai ko a kwamfutar mai turi.

Abin da ake asara a nan ya wuce nishaɗi. Yaron Zongo yana jin Tuwi a titi, Turanci a makaranta, Larabci a makarantar allo, Hausa kuma a bakin iyaye da kasuwa. Idan kakar da ke yin tatsuniya ta kau, akwati kuma bai iya Hausa ba, to harshen zai rage na ciniki da gaisuwa kawai. Kano ta nuna cewa mayar da fim Hausa ba gagara ba ne, domin finafinan Indiya da su Algaita ke fassarawa sun kai ko'ina, har nan. Abin da aka yi wa manya me ya hana a yi wa yara?

Mun san amsar da za a ba mu: satar fasaha. Wa zai zuba kuɗinsa a abin da za a kwafa kafin la'asar? Gaskiya ne, Ghana tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2005, amma kwafi bai tsaya ba, kuma kwafin nan yana cikin abin da ya durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa a Kano. Sai dai a duba misalin Montgomery Ward da kyau: kyauta suka ba da littafin, ribar a kanti suka same ta. Idan ƙungiyar 'yan albasa, ko ta 'yan goro, ko dillalan shanu, ko wani Alhaji mai motocin sufuri, ko wata Hajiya mai atamfa, suka biya marubuci da mai zane da masu murya haƙƙinsu cif tun farko, aka sa sunan mai ɗaukar nauyi a farkon fim da ƙarshensa, aka kuma bar shi ga kowa, to duk wanda ya kwafa talla yake yi musu, daga Bawku har Illela da Jibiya. Kuɗin da ake liƙa wa mawaƙa a biki ɗaya, ko wanda ake kashewa a kalanda da ake jefarwa bayan shekara, da an tara na 'yan mutane kaɗan da ya kama hanya. Ba dogon fim ake nema ba. Minti 20 ko 25 ya isa, in dai an yi shi da kyau yadda za a so a sake kallonsa baɗi.

Akwai masu ɗari-ɗari da zane saboda addini, kuma ba mu raina damuwarsu ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin zanen mai rai, da yawa kuma sun sassauta a kan kayan wasan yara. Hanyar ita ce a sa malamai a ciki tun ana rubuta labari, ba sai an gama a zo ana jayayya ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai aikin da ke kan mai tura fim tun yau. Ba kowane katun ne na yara ba. South Park da Family Guy zane ne, suna da shirye-shiryen Kirsimeti, amma an yi su ne domin manya, cike da zagi da batsa da izgili ga addinai. Tun zamanin faifan nan mai ɗauke da fim 20 a guri ɗaya, mai harhaɗawa bai cika duba abin da ya cusa ba, uban da ya saya a matsayin tsaraba shi ma bai duba ba, tunda ya ga zane a bango. Mai albasa ba ya sayar da buhu bai buɗe bakinsa ba. Muna kira ga masu wannan sana'a da su ware na yara daban, su kalli abin da suke turawa, su rubuta sunansa, iyaye kuma su zauna ko da na minti 10 ne su ga abin da suka kawo gida.

Masu zanen kuwa ba sai an je Tokiyo ba. Jami'ar KNUST da ke nan Kumasi tana koyar da zane mai motsi, haka ma NAFTI ta Akara, wadda aka kafa a 1978, yanzu kuma tana ƙarƙashin jami'ar UniMAC. Muna ba shugabannin kasuwar Kwadaso da sarakunan Zongo shawara su sa wannan magana cikin ajandar zamansu na gaba, su aika wa waɗannan makarantu a kawo musu labari uku da ƙiyasin kuɗin kowanne, su zaɓi ɗaya, a fara aiki aƙalla wata 6 kafin azumi.