Enzayim a abincin dabbobi: kazarka za ta amfana, ragonka fa?

In kana kallon bidiyoyin kiwo a TikTok ko Facebook, da wuya ba ka ci karo da garin nan da ake cewa a barbaɗa a abinci dabba ta murje ba. Enzayim ake kiransa. Tun da masara ta yi tsada bayan cire tallafin man fetur a 2023, kowa na neman dabarar rage kuɗin ciyarwa, mu ma a Tsanyawa maganar ta iso mana.

Abin ba ƙarya ba ne, amma fa ba maganin ƙiba ba ne. Aikinsa shi ne warware abin da ke ƙulle a cikin abincin. Ɗauki kaza: yawancin sinadarin fosfaros da ke cikin masara, waken suya da dusa a ƙulle yake, cikinta ba ya iya warware shi sosai, sai ya fice a kashi. Enzayim ɗin da ake kira faites shi ke wannan aikin. A 1991 aka fara sayar da shi da sunan Natuphos, lokacin da Holan ke fama da kashin dabbobi mai gurɓata ruwa. Akwai kuma zailanes, mai taimaka wa kaza narkar da dusar alkama.

To amma tsaya, mu me muka fi kiwatawa? Tumaki da awaki ne a turke, ana zuba musu harawa, kowa da dusa. Tumbin dabba mai tuƙa cike yake da ƙananan halittu da ke samar da irin waɗannan enzayim da kansu. Ni dai kuɗin da zan kashe wa ragon layya a faites, gara in ƙaro masa damin harawa.

Mai kaji ma akwai inda zai zame. Ɗan kaɗan ake sawa, da giram ake auna shi a tan guda, don haka shebur biyu-uku a tsakar gida ba zai gauraya shi ba. Fara cuɗa shi a mudun dusa, sannan ka riƙa ƙarawa a hankali. Zafi da laima na kashe ƙarfinsa, kar ka saya wanda ya sha rana a tebur. In kuwa abincin kamfani kake saya, karanta jikin buhun tukuna, sau da yawa an riga an saka shi. Idan ka je shago, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka kuma tambayi mai sayarwa wane enzayim ne a ciki, na wace dabba.