ZAUREN 'YAN MATA: Kwana Bakwai A Landan Da Agogon Baba

  Wasiƙunku suna isowa, na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Masu tambayar ci gaban littafina kuma ku ƙara haƙuri, wallahi ba ja muku rai nake yi ba, wani abu ne ya ɗauke mini hankali sati uku ke nan, kuma shi na kawo muku yau.

Yayanmu da ke karatu a Ingila ya gama, za a yi bikin yaye su a watan Yuli, shi ne ya aiko wa Hajiya takardar gayyata, ya ce in rako ta tunda ni ce mai ɗan Turanci a bakina. Bayan zirga-zirga da cike-ciken takardu da addu'a, Allah Ya sa biza ta fito. Ni da ban taɓa wuce Abuja ba, wai ni ce za ni Landan! Ranar da fasfo ya dawo hannuna sai da na kulle ɗaki na taka rawa ni kaɗai.

A daren na ɗauko littafin rubutu na shiga jera wuraren da zan gani. Na farko dandalin Tirafalga, don tun ina ƙarama nake kallon fim ɗin Indiyan nan Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda ya buɗe da mahaifin yarinyar yana watsa wa tantabaru hatsi a wurin, na ce ni ma sai na watsa an ɗauke ni hoto. Sai fadar Bakinham, sai Big Ben, sai katon lilon nan na bakin kogi, sai gidan mutum-mutumin kakin zuma, sai gidan da ake ajiye kambin sarauta, sai kasuwanni. Kafin in kwanta na ƙirga wuri ashirin da uku. A bayan takardar kuma ga saƙon dangi, domin labari ya riga ya zaga: wannan leshi, waccan turare, wata takalmi da jaka mahaɗi, Gwaggo kuwa ita kaɗai ta cika shafi guda da kayan auren 'yarta.

Da Yaya ya bugo waya na karanta masa duka cikin ɗoki, sai na ji ya tuntsire da dariya har yana tari.

"Ke yarinyar nan, kwana nawa kike zaton za ku yi?"

Na ce, "Bakwai mana Yaya."

Ya ce, "To cire ranar isowa, don bayan awa shida da wani abu a jirgi Hajiya ba za ta iya ko ɗaga ƙafa ba. Cire ranar biki. Saura nawa? Sannan Landan ba Sabon Gari ba ce da za ki zaga da ƙafa kafin la'asar. Tantabarun naki ma an hana ba su abinci a dandalin tun 2003, ki watsa hatsi ki ja mana tara."

Kash! Jikina ya yi sanyi. Bai tsaya nan ba, ya ce gidan kambin sarautar nan kuɗin shigar mutum ɗaya ya haura fam 30, in lissafa mu uku in mayar da shi naira in ji. Na lissafa, na ajiye biro. Ya ƙara da cewa in gaya wa Hajiya ta bar kilishi da dambun naman da take shirin ƙulla masa, domin doka ta hana shiga ƙasar da nama daga irin ƙasashenmu, a filin jirgi za a karɓe. Hajiya ta yi ta salati tana cewa wace irin ƙasa ce wannan da uwa ba za ta kai wa ɗanta kilishi ba.

Kwana biyu ina fushi da takardar. Ran na uku bayan isha'i Baba ya aika a kira ni. 'Yan uwa, ban taɓa ba ku labarin mahaifina ba. Shekara uku ke nan idonsa ya yi rauni, ga hawan jini, likita ya hana shi doguwar tafiya, shi ya sa ba ya cikin masu zuwa, alhali shi ne ya sayar da gonarsa ta gado aka cike kuɗin karatun nan. Na same shi a kan buzunsa, rediyonsa a gefe kamar kullum. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Uwata, na ji kina ta lissafin wurare. Karanta mini."

Na karanta. Bai ce komai ba sai da na kai ƙarshe, sannan ya yi murmushi ya ce, "Duk suna da kyau. Amma ni ma ina da saƙo, nawa ba ya cin kilo."

Ya kwance agogon hannunsa, tsohon nan da ake wanawa da yatsa kowace safiya, wanda tun kafin a haife ni yake ɗaure da shi. Ya ce tun yana yaro yake jin masu labarai na sashen Hausa na BBC suna faɗin ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza a Najeriya da Nijar, har ya girma ya gane cewa GMT ɗin nan wuri ne na gaske, wata unguwa ce a Landan mai suna Girinic, kuma akwai agogo a jikin bangon ƙofar gidan nazarin taurarin da ke can. Ya ce ya daɗe yana cewa in Allah Ya kai shi zai saita agogonsa da wancan da hannunsa.

"To Allah bai nufa ba. Ke za ki je ki zama idona. Ki saita mini shi, kada ki taɓa shi kuma har ki dawo. Abin da duk kika gani ki dube shi da kyau, don ba hoto zan kalla ba, bakinki zan saurara."

Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Allah Ya sa ba ya gani sosai, amma na san ya ji a muryata.

Na koma ɗaki na sake duba takardata, sai kunya ta kama ni. Wuri ashirin da uku, kuma in ban da hoto babu abin da zan yi a cikinsu, in tsaya, a ɗauka, in ruga gaba. Wanda zai ba makaho labari kuwa ai dole ya tsaya ya ƙare wa abu kallo, ya ji ƙamshinsa, ya ji ƙararsa. Na yage takardar na ɗauko sabuwa, muka zauna a waya ni da Yaya da taswira a gabana, muka tsara kamar haka.

Litinin isowa da hutu. Talata biki, ranar Yaya ce da Hajiya, ban sa komai a kanta ba.

Laraba sai fadar Bakinham da hantsi, don ganin canjin masu gadi, sojojin nan masu jajayen riguna da dogayen baƙaƙen huluna. Kallon kyauta ne, amma ba kullum ake yi ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana sa a fasa, don haka Yaya zai tabbatar tun ana gobe. Kusa da fadar akwai wani gida mai suna Lankasta, wanda da ban san da shi ba sai da Baba ya faɗa mini. A nan ne Sardauna da sauran shugabanninmu suka zauna da Turawa a 1957 da 1958 kan tsarin mulki, a zaman na biyu aka tsayar da 1 ga Oktoba 1960 ranar 'yancin kai. Gidan gwamnati ne, ba a shiga haka kawai, amma zan tsaya daga waje in ƙirga wa Baba tagoginsa. Daga nan mu gangara Tirafalga in gaisa da tantabaruna hannu rabbana, mu ƙarasa Bush House, inda muryar Hausa ta yi shekaru tana fitowa. Sashen Hausa ya fara ne a 1957, kuma BBC ta tashi daga ginin a 2012, yanzu wata jami'a ce ke amfani da shi. Na gaya wa Baba haka, ya ce ba komai, in dai taɓa masa bangon.

Alhamis ranar agogo ce, ita kaɗai, ban haɗa ta da komai ba. Za mu shiga jirgin ruwa a gindin Big Ben, wanda ashe sunan ƙararrawar ciki ne ba na hasumiyar ba, mu bi kogin Tems mu wuce ta ƙarƙashin gadar nan mai buɗewa biyu da aka gama a 1894. Kun ga na ga wurare da yawa ina zaune, Hajiya ma ba ta wahala ba. Gidan taurarin an kafa shi tun 1675, kuma a 1884 ƙasashe suka amince a riƙa auna gabas da yammacin duniya daga layin da ya ratsa ta cikinsa. Layin nan in kika bi shi kudu sai ya kai ki har Ghana, shi ya sa agogonsu yake daidai da GMT, namu kuma yake gaba da awa ɗaya. A kan tudu gidan yake, hawan da ɗan wuya, don haka Hajiya za ta zauna a lambun ƙasa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne agogon kansa: awa 24 ne a fuskarsa ba 12 ba, da tsakar rana gajeren hannunsa ƙasa yake kallo. Ga shi a watan Yuli agogon mutanen Ingila daidai yake da namu, amma shi na bangon ba ruwansa, GMT yake nunawa rani da damina. Yanzu haka na zana shi a takarda ina koyon karanta shi, kada in je in saita wa Baba ƙarya.

Juma'a za mu yi salla a babban masallacin Regent's Park mai ƙubba ruwan zinare, wanda aka gama a 1977. Wannan zaɓin Hajiya ne, ta ce ko shi kaɗai ta gani ya ishe ta. Da yamma sai babban gidan tarihi na Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, shiga kyauta, ranar Juma'a kuma suna kaiwa dare. Ba zan ce zan zaga shi duka ba, wata guda ma ba zai isa ba. Ɓangaren Afirka kawai za ni, in ga kayan tagullar Bini da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, waɗanda har yau Najeriya ke neman a dawo da su.

Asabar na bar ta fara fat, ko don ruwa ya ɓata mana wata rana, ko ƙafar Hajiya ta motsa. Tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da yawa matakala ce zalla, tunda wasunsu tun 1863 suke, don haka bas za mu fi hawa, ita kuma ba ta karɓar tsabar kuɗi sai kati. Na kuma rubuta lokutan salla a bangon littafina, domin a Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen tara na dare.

Saura Lahadi da safe, kafin jirgin dare, ita na ba kasuwar leshi da atamfa da ke kusa da tashar Liverpool Street. Rabin yini kacal. A nan fa ake yin ta, domin sai da na je har gidan Gwaggo na durƙusa na ce mata akwatina kilo 23 aka yarda ya ɗauka, kuma wadda ta ba da kuɗi ita zan iya sayo wa, don guzurina ba zai kai ba. Na ce atamfar da take so ma ba a Ingila ake yin ta ba, tana nan jibge a Kantin Kwari.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Lallai 'yar nan, tun ba ki hau jirgin ba kin zama Baturiya."

Maganar ta yi mini zafi, har yau in na gaishe ta da ƙyar take amsawa, kuma Gwaggo ce ta yi mini goyo. Na ware kuɗin hawa lilon nan zan sayo wa amarya turare mai kyau da shi, ko Allah zai sa ta huce. Ban sani ba ko na yi daidai, ku gaya mini a wasiƙunku.

Abin da nake so ƙannena 'yan makaranta ku riƙe shi ne, duk wadda Allah Ya nufa da tafiya, ko Landan ce ko Zariya, ta fara ƙirga kwanakinta na gaskiya, ta ba kowace rana babban abu ɗaya, ta haɗa wuraren da ke kusa da juna, ta bar rana guda ba komai. Kafin ta tambayi ƙawaye abin da za ta sayo, ta tambayi tsofaffin gidansu abin da suka sani game da garin. Ni dai da ban durƙusa gaban Baba ba, da na je na dawo da hotuna ɗari ba labari ko ɗaya.

Agogon yana nan na naɗe shi a hankici cikin jakar hannuna, kullum da safe sai na wana shi kamar yadda ya koya mini. Shi kuwa Baba har yanzu in aka fara labarai sai ya shafa tsintsiyar hannunsa, ya tuna, ya yi dariya.

Ku sa mu a addu'a Allah Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya, Ya sa in tarar da shi yadda na bar shi. In na dawo, bayan Baba ku ne na farkon ji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya yarda.

Taku har kullum,
Antinku ta Zaure.