Zinaren Zamfara: Wanda Ya Ci Riba Shi Zai Biya Kuɗin Gyara

A watan Disamba na 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara, bayan fiye da shekara biyar da rufe fagen. Tun daga lokacin ake ta lissafin kuɗin shiga da ayyukan yi da masu zuba jari. Ni ma ina cikin masu son a yi haƙar, domin arzikin da Allah ya binne a ƙasa ba don ado ya binne shi ba. Sai dai akwai tambayar da ta kamata ta riga lissafin riba: idan ƙasa ta gurɓata, rijiya ta lalace, yaro ya kamu, wa zai biya? A ganina wanda ya ci ribar ne, kuma aikin gwamnati ne ta karɓi kuɗin gyaran tun kafin a sara diga ta farko.

Zamfara ta riga ta ga abin da rashin wannan tsari yake haifarwa. A farkon 2010 agwagi suka fara ƙarewa a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga nan sai yara ƙanana suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, wasu su suma, wasu su cika a hannun iyayensu mata. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, aka ba da magani bai yi ba. Sai da ƙungiyar likitocin na-gari na-kowa, MSF, ta aika da jinin yaran aka auna, sannan aka gane gubar dalma ce. A ƙauyuka biyu da masu bincike suka bi gida gida, sun tarar kusan yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Aƙalla yara 400 aka binne, dubbai kuma suka rayu da gubar a jikinsu, wadda take taɓa ƙwaƙwalwa taɓin da ba ya warkewa.

Yadda abin ya faru ba shi da wuyar fahimta. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, manoma suka ga abin da ake samu a rami ya ninka na gona. Duwatsun da suke haƙowa kuwa cike suke da dalma. Sai a kawo su gida a buhu, a farfasa a tsakar gida, a niƙa da irin injin da ake niƙa hatsi, mata su shanya a inda suke shanya gero. Ƙurar ta kwanta a daɓe da tabarma da kwanon abinci. Yaro mai rarrafe ya shafo ta da hannu ya kai baki. Mutanen ƙauyukan Dareta da Abare da 'Yargalma ba su san dalma ba, ba kuma wanda ya taɓa zuwa ya faɗa musu.

To, mu duba wa ya samu, wa ya biya. Zinaren ya bi hannun dillalai ya fita, ya shiga kasuwannin da ba mai tambayar daga ina ya fito. Gyaran kuwa ya faɗa kan wasu daban. An kankare saman ƙasar gidaje ɗaya bayan ɗaya, aka kwashe aka binne a wajen gari, aka zubo sabuwar ƙasa, akasari da kuɗin masu ba da agaji na ƙasashen waje. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma da gurɓata, ya zauna jiran kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari har farkon 2013, bayan matasa sun cika kafofin sada zumunta da kiran a ceci Bagega. Duk tsawon wannan jira likitoci ba su iya fara ba yaran garin magani ba, domin maganin fitar da dalma ba ya amfani idan yaro zai koma ya kwana cikin ƙurar da ta kama shi. MSF ta ci gaba da wannan aiki har 2022. Ribar ta tafi cikin kwanaki, jinyar ta ɗauki fiye da shekara goma.

Wannan kuma ba shi ne farau ba. Kamfanonin Turawa sun kwashi kuza a Filato shekaru masu yawa, suka tafi suka bar ɗaruruwan kududdufai da gonakin da ba sa nomuwa, har yau mutane da dabbobi suna nitsewa a ciki. Ba shi ne kuma na ƙarshe ba, don a 2015 irin wannan guba ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, shekara biyar kacal bayan abin da ya faru a Zamfara.

Gwamnatocinmu hanya biyu suka saba bi: ko su kau da kai, ko su haramta. Haramcin da aka sa a Zamfara a Afrilun 2019 an sa shi ne saboda matsalar 'yan bindiga, kuma dalilin yana da nauyi. Amma haƙar ba ta tsaya ba. Masu lasisi ne suka janye, ramukan suka koma hannun waɗanda ba sa tsoron doka. Talakan da iyalinsa suke jiran cefane ba ya fasa shiga rami saboda sanarwar da aka karanta a Abuja. Abin da haramci yake yi shi ne ya ɓoye sana'ar, ya kuma hana jami'in lafiya zuwa ya koya wa mai haƙa yadda zai kare 'ya'yansa.

Doka kuwa muna da ita. Tun 1992 aka wajabta nazarin illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta tanadi asusun kare muhalli da gyara wuraren da aka haƙa, ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da ya sauka a cikinta, ta kuma kafa kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha. Matsalar ita ce nisa. Tsarin mulki ya ba gwamnatin tarayya mallakar ma'adinai, lasisi daga Abuja yake fitowa, ƙura kuma a Anka take tashi. Hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda su ne suke ganin gawa, ba su da ta cewa.

Don haka abin da nake nema daga gwamnati a fili yake. Kada a ba kowane kamfani izinin fara aiki sai ya ajiye kuɗin gyara a asusun da jama'a za su iya sanin abin da ke cikinsa. A tara ƙananan mahaƙa cikin ƙungiyoyin gama kai masu rajista, a gina musu wuraren sarrafa dutse nesa da gidaje da rijiyoyi, da injin da ke niƙa da ruwa. An gwada fesa ruwa wajen niƙa a ƙauyukan Neja, ƙurar dalma ta ragu ƙwarai. A samar da wurin wanka da sauya tufafi, don kada uba ya kai wa jaririnsa guba a jikin rigarsa. A sa na'urar auna dalma a asibitocin yankunan haƙa. A kuma rage amfani da zaiba wajen tace zinare, tunda Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018. Dakarun tsaron ma'adinai da aka ƙaddamar a 2024 suna da amfaninsu, amma bindiga ba ta auna jini. Ana bukatar jami'an duba muhalli da na lafiya masu albashi da abin hawa.

'Yan kasuwa kuma, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Maganar ba ta tsaya kan kamfani mai manyan motocin haƙa ba. Ta haɗa da attajirin da yake ba matasa jari su shiga rami, da mai injin niƙa, da dillalin da yake zaune da sikeli a Gusau, da mai fitar da zinaren waje. Kowannensu ya san inda kayansa suke fitowa, ko yana da halin sani. Dillalan da za su haɗa kai su ƙi sayen zinaren da aka niƙa a cikin gida za su sauya sana'ar da sauri fiye da kowace sanarwa. Babban Bankin Najeriya ma, da ya fara sayen zinaren cikin gida a 2020, yana iya sa wannan sharaɗi a cinikinsa.

Za a ce irin waɗannan sharuɗɗa suna korar masu zuba jari, kuma ƙasar da take fama da talauci ba ta da halin zaɓe. Na ji wannan hujja, ban kuma raina ta ba. Amma kuɗin gyara ba ya ɓacewa don kamfani bai biya ba. Komawa yake kan manomin da gonarsa ta mutu, da uwar da take rainon yaron da ba zai iya karatu ba, da baitulmalin da zai biya ninki daga baya. Mai jarin da ba zai ci riba ba sai ya bar mana guba, rashinsa ya fi zuwansa alheri. Mai jarin kirki kuwa doka bayyananna yake so, wadda take hawa kan kowa daidai, don kada mai ha'inci ya karya masa farashi.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Yanzu an juya ga ma'adinin litiyam da ake haɗa batirin motoci masu aiki da lantarki, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024, kuma a shekarar ne 'yan jarida suka nuna yara ƙanana suna tsintar dutsen a ramukan da ba su da izini. Ba daidai ba ne duniya ta tsabtace iskar biranenta da lafiyar 'ya'yanmu.

Ina kira ga sarakunanmu da limamanmu da 'yan majalisar da suke wakiltar yankunan haƙa: duk kamfanin da ya zo muku da takarda, ku nemi ganin nazarin muhallinsa, da yarjejeniyarsa da al'umma, da shaidar kuɗin gyaran da ya ajiye. Idan babu, kada ku sa hannu. Kai kuma mai karatu, idan kana da ɗan'uwa a wannan sana'a, ka faɗa masa yau: kada dutsen haƙa ya shiga gidan da yara suke.