Motsin Ƙasa: Abin Da Na'ura Ke Ji Da Abin Da Jama'a Ke Gani

Mun daɗe muna ɗaukar girgizar ƙasa a matsayin labarin ƙasashen nesa, sai dai abubuwan da suka auku a shekarun baya sun isa su sa mu sake tunani. A watan Satumba na 2016 ƙasa ta motsa a garin Kwoi da ƙauyukan da ke kewaye da shi, cikin Ƙaramar Hukumar Jaba ta Jihar Kaduna, bangon gidaje ya tsage, mutane suka fita waje a firgice. A Satumban 2018 aka ji irin wannan motsi a unguwar Mpape ta Abuja, har hukumar birnin ta dakatar da fasa duwatsu da haƙar rijiyoyin burtsatse a wajen na ɗan lokaci. Ya sake dawowa Mpape a 2024.

Ba mu rasa masana ba. Akwai cibiyar nazarin motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauchi, ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, kuma masana sun daɗe suna magana a kan wata tsagewar dutse a ƙarƙashin ƙasa wadda ta taso daga Ifewara a kudu maso yamma ta biyo ta Zungeru a Jihar Neja. Amma na'urorin auna motsi kaɗan ne idan aka dubi faɗin ƙasar nan. Na'ura tana iya faɗin ƙarfin motsi da lokacinsa, ba ta iya faɗin wace katanga ce ta tsage a wane ƙauye.

A nan ne aikin jama'a ya shigo, kuma a ganinmu nan ne aka fi yin sakaci. Tawagar bincike takan iso bayan kwanaki, ta sauka a gidan hakimi ko dagaci, ta ji daga bakin manyan gari, ta koma. Alhali matan da ke cikin gida su ne suka ga kwanuka sun zubo daga jere, su ne suka san ɗakin da ya fara tsagewa. Magina sun san wane soro ne azararsa ta tsufa. Tsofaffi kuwa suna iya tuna ko an taɓa jin irin wannan a zamanin iyayensu. Da irin waɗannan bayanai ake zana taswirar inda motsi ya fi tsanani, don haka wajibi ne tawaga ta ƙunshi mata da za su shiga gidaje, da masu jin harshen mutanen wurin.

Girgizar da ta auku a Maroko a Satumban 2023 ta hallaka mutane kusan 3,000, akasarinsu a ƙauyukan kan dutse masu ginin ƙasa irin namu.

Haka kuma, bai kamata sakamakon bincike ya tsaya a ofis ba. A mayar da shi ga mutanen da suka ba da bayanin, ta rediyo da masallatai da majami'u. Babu masanin da zai iya faɗin ranar da ƙasa za ta motsa, saboda haka duk wanda ya zo da rana da sa'a jita-jita ya kawo. Abin da muke roƙon masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi shi ne, duk lokacin da aka ji motsi, a rubuta rana da lokaci da gidajen da abin ya shafa, a lura ko ana fasa dutse da nakiya a kusa, sannan a miƙa wa hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha.