Zaɓen Batun Bincike: Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Ko wace shekara idan ɗaliban ilmin tattalin arziki suka kai ajin ƙarshe a jami'a, akan ɗora wa ko wannensu ya zaɓi batu guda ya bincika, ya rubuta abin da ya gano, kana a ba shi takardar shaida. Yanzu samari da yawa sun karkata ga sha'anin wasanni. Mu dai ba mu ga aibin wannan ba, gama wasa ya daɗe da zama sana'a, akwai mai saye da mai sayarwa, akwai mai aiki da mai biyansa lada. Tun cikin 1956 wani masani a Amurka, Simon Rottenberg, ya yi rubutu a kan yadda ake ɗaukar 'yan wasan besbol aiki da yadda ake biyansu, ya kuma nuna 'yan kallo sun fi son wasan da ba a san mai ci ba sai an tashi. Daga nan ne masana suke ƙirga mafarin wannan reshe na ilmi.

Abin da ya dame mu shi ne irin zaɓen da ake yi. Wannan ya ce zai auna ribar da Ƙatar ta samu daga gasar Kofin Duniya ta 2022, wancan ya ce zai binciki dukiyar manyan ƙungiyoyin Ingila. To, ina zai ga littattafan kuɗinsu? Wa zai tambaya? Ƙarshenta sai ya kwafo maganar wasu daga intanet, ya sa sunansa a bango. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuɗin da iyaye suka kashe ya tafi a banza, ƙasa kuwa ta sami mai takarda wanda bai taɓa ƙirga kome da hannunsa ba, gobe kuma shi za a damƙa wa lissafin dukiyar jama'a.

A namu ra'ayi, kafin ɗalibi ya tsai da batu sai ya auna shi da ma'auni uku. Na fari, batun ya zama tambaya wadda ake iya amsawa da lissafi. Na biyu, ya zama shi da kansa zai iya samo alƙaluman. Na uku, ya zama zai ƙare cikin watannin da aka ba shi, da ɗan guzurin da ke aljihunsa. Batun da ya faɗi a ɗaya daga cikin ukun nan, a bar shi.

Irin waɗannan batutuwa kuwa ga su nan a ƙofar gida. A dubi gidajen kallon ƙwallo da suka cika unguwanni. Mai gidan kallo yana biyan haya, da kuɗin tasha, da man janareto, ko mutum goma suka shigo ko ɗari. Ran 29 ga Mayu 2023 Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, farashinsa ya tashi. Shin masu gidajen sun ƙara kuɗin shiga? In sun ƙara, 'yan kallo nawa suka janye? A wace rana aka fi janyewa, ran babban wasa ko ran ƙarami? Ɗalibin da ya zaga gida ashirin da littafi da alƙalami zai ga da idonsa yadda tsada take rage ciniki, watau abin nan da ya haddace a aji. Gani ya kori ji.

Har wa yau a dubi ƙungiyar Kano Pillars, mallakar Gwamnatin Jihar Kano. Ta zama zakarar ƙasa a 2008, da 2012, da 2013, da 2014, ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ta komo a 2023. Ga hawa, ga sauka, duk cikin 'yan shekaru. Yaya kuɗin ƙofa ya kasance a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata? Yaya cinikin masu abinci da masu ababan hawa na kewaye? Kashi nawa na albashin 'yan wasa ke fitowa daga ƙofa, kashi nawa daga baitulmali? Wannan tambaya ta shafi duk mai biyan haraji, kuma ana iya yin irinta a kan Katsina United, ko Wikki Tourists ta Bauchi, ko El-Kanemi Warriors ta Maiduguri.

Kada kuma a manta da namu na gargajiya. Dambe a dā wasan kaka ne, mahauta suka fi shahara da shi, yanzu ya koma gidajen da ake shiga da kuɗi. Yaya ake raba abin da aka tara tsakanin ɗan dambe, da makaɗi, da mai gida? Haka kokawa a Nijar, inda ake gasar takobi ta ƙasa tun 1975, ana kewaya da ita jiha jiha. Me garin da ya karɓi baƙi yake samu, me yake kashewa?

Saura naku, malamai da akawuna. Malami kada ya sa hannu a kan batu don ya ji sunansa da girma. Ya tambayi yaro, "Ina za ka samo alƙalumanka?" In ya yi shiru, a mai da shi ya sake tunani. Ku kuma akawuna, tun zamanin En'e, kafin gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, an san ofis da adana rasit da littafin shiga da fita. Wannan gado ne a hannunku. Tun 2011 akwai doka a Nijeriya wadda ta ba ɗan ƙasa ikon neman bayani daga hukuma. Idan ɗalibi ya zo da takarda daga makarantarsa, kada a yi ta ce masa je ka dawo. A nuna masa abin da doka ta yarda a nuna.

Ku ɗalibai, kada ku ji kunyar ƙanƙantar batu. Bincike a kan unguwa guda wanda ya tsaya bisa gaskiya, shi ne hukuma za ta iya aiki da shi ran da za ta yanke shawarar gina fili ko ci da ƙungiya. Allah Ya sa mu dace, amin.