Ranar sallama

Idan likita ya sallami dattijon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, a babban asibitin Damagaram ko a Galmi, dangi sukan yi ta barka kamar jinya ta ƙare. Alhali maras motsi sai an riƙa juya shi kowace awa 2, dare da rana, in ba haka ba gyambo ya buɗe masa a ƙugu. Wa zai kwana da shi? Galibi matarsa, ita ma tsohuwa. Maganin hawan jini kuwa ba a yanke shi don jiki ya yi sauƙi. Kafin a naɗe tabarma, babban ɗa ya tambayi ranar komawa awo, ƴan uwa kuma su raba kuɗin farmasi na wata-wata tun a ƙofar asibiti, inda kowa ke jin kunyar ƙi.