Kada Tsohon Talabijin Ya Je Juji

'Yan'uwa, a gidaje da yawa akwai tsohon akwatin talabijin mai ƙaton baya wanda ya lalace. Muna roƙo kada a fasa shi, kada a ƙona, kada a zubar a juji. Gilashinsa yana ɗauke da dalma, in ya fashe kuwa yakan tarwatse da ƙarfi. Mun san aikin dalma: a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan masu haƙar zinariya a Zamfara. Takin juji fa gona muke kai shi. Mu ajiye akwatin a busasshen ɗaki nesa da yara, har mu miƙa wa mai gyara yadda yake. Ƙasa amanar Allah ce a hannunmu.